Ƙahonnin Ustinya

Olshanka, lardin Riyazan
Kaka, 1897

Zuwa ga maigidana Kondrat Yefimic,

Gaisuwa mai yawa tare da rusunawa har ƙasa daga matarka Ustinya. Mahaifiyarka Inna Domna ta sa maka albarka. Lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwar nan da ke tashi in ruwan kaka ya sauko. Dattijo Pafnuti mai karatu a coci, wanda yake rubuta mini wannan takarda, shi ma yana gaishe ka, ya ce kuma in rage sauri don alƙalaminsa ba doki ba ne.

To, ga magana. Na sauka lafiya. Namiji ne. An yi masa baftisma da suna Filif, amma a gida Filka muke ce masa. Kunnuwanka ya kwaso, Allah ya ba shi haƙuri.

Lahadin da ta wuce, da na gama jego, Inna ta buɗe akwatinta ta fito da kickarta, hular nan ta iyaye mata mai ƙahonni biyu, wadda ita ma uwar mijinta ta ɗora mata ranar da ta fita da ɗanta na fari. Ta zaunar da ni a benci, ta naɗe mini kitsona biyu a ka, ta ɗora ƙahonnin, ta lulluɓe su da soroka, jan ƙyallen nan mai zaren zinariya, ta ɗaura mini jeren duwatsun ado a ƙeya. Ta ja da baya ta ƙare mini kallo, ta ce, "Yau kin zama 'yar gida. Da can baƙuwa ce ke mai cinye mana burodi." Ka san bakin Inna, yabonta ke nan.

Da zan fita sai da na sunkuya, don kada ƙahonnin su bugi katakon ƙofa. Marfa matar maƙeri tana hango ni ta ɗaga murya, "Ku ba ta hanya, jama'a! Saniya ta haihu, kada ta tunkuyi wani!" Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma da muka shiga coci na dubi ɓangaren maza, gindin ginshiƙin nan da kake tsayawa, wani na gani a wurin. Duk garin nan an gan ni da ƙaho, ban da wanda ya sa na same su.

Hatsi ya yi dama-dama. Kabeji mun cika ganga. Ka riƙa naɗe ƙafarka da kyau.

Taka har abada,
Ustinya

Sansanin masu shimfiɗa layin dogo, gabas da tafkin Baikal
Kirsimeti, 1897

Ustya matata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina neman albarkarta. Ina lafiya, sai yatsun hannu da suka tsattsage. Lukyan, tsohon soja da muke kwana bukka ɗaya, shi ya karanta mini takardarki, shi yake rubuta wannan.

Da ya zo wurin "namiji ne" na riƙe masa hannu na ce ya koma baya. Ya ce, "Kai, ko sau nawa na karanta ba zai zama tagwaye ba." Ranar na saya wa duk bukkar shayi da sukari. Wani ɗan birni da ya ji zancen ƙaho ya ce, "Wai a garinku da shanu ake aure?" Da ba a riƙe ni ba da ya ɗanɗana shebur.

A nan ba ka gane mace. Matan baƙi masu wucewa gabas duk kallabi ɗaya suke ɗaurawa, ba ka sanin budurwa, ba ka sanin uwa. Sai in tuna ranar aurenmu, da aka warware miki kitsonki ɗaya na 'yanmatanci aka raba shi biyu, kika miƙa wa ƙanwarki jan ƙyallen da ke jelarsa. Kowace amarya tana kukan al'ada, ke kuwa kukan gaske kika yi, har na tsorata na ce ko kunnuwana kika gani da kyau.

Kada ki cire su, Ustya, ko rijiya za ki. Inna ta sha gaya mana su ne ke tunkuɗe mugun ido daga uwa da ɗanta. Sau ɗaya tak na taɓa ganin kanta ba ƙaho tana da ƙuruciya, ranar da muka binne ƙanena. Ta sauke su ta ɗaura fari, kamar yadda matan garinmu ke yi in goyo ya koma. Ina ƙarami a lokacin, amma har yau ba na son farin kallabi.

Wa'adina zai cika kaka mai zuwa. In Ubangiji ya yarda, da ƙanƙarar farko ina gida. Ki gaya wa Filka ubansa yana fasa dutse saboda shi.

Mijinki,
Kondrat

Olshanka
Tsakiyar babban azumi, 1898

Maigida,

Gaisuwa da rusunawa. Inna tana lafiya. Ni ma jikina lafiya, hankalina ne ba ya kwance.

Ciwon maƙogwaro ya shigo gari. Ya ɗauke 'yar gidan mai niƙa, ya ɗauke tagwayen ƙarshen layi. Filka ya fara tari, wani irin tari kamar haushin kwikwiyo. Muna kwantar da shi a kan dakalin murhu mai ɗumi, Inna tana ɗiga masa madara mai ɗumi da zuma, rabi ya shiga rabi ya dawo. Likita yana can birni, hanya kuwa ta zama taɓo, ko doki ba ya ratsawa.

Tsohon fadan cocinmu ya rasu. An turo sabo daga birni, matashi ne mai ilimi. Ranar da ya fara tsayawa a gabanmu ya daɗe yana kallon kawunan mata. Dattijo Pafnuti ya ce in tsaya nan a kan wannan zance, takarda ba ta da yawa.

Ka yi mana addu'a.

Ustinya

Olshanka
Bayan Ista, 1898

Maigida Kondrat Yefimic,

Almasihu ya tashi. Gaisuwa daga gare ni da Inna.

Ban san ta inda zan fara ba. Filka ya huta. Tarin nan ya ƙare, yana kwance shiru, ba sauran wahala.

Na sauke ƙahonnin, Kondrat. Na san ka ce kada in cire, amma wanda yake sama da mu ya yanke hukunci, mu ba mu da bakin magana. Na naɗe su na mayar akwati. Farin kallabi ne a kaina yanzu. Inna ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta juya fuska bango ta ƙi cin abinci. Ba zan iya faɗa maka yadda abin ya faru a takarda ba. In ka dawo ka ji daga bakina.

Kada ka ga laifina.

Ustinya

Olshanka
Lokacin yankan ciyawa, 1898

Maigida,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san ko gaisuwata tana samunka ba. Muna lafiya. Filka ya yi ɓul-ɓul kamar bai taɓa ciwo ba, yana rarrafe, jiya na tsamo shi daga kwanon abincin kaji.

Tun Kirsimeti ba mu ga takardarka ba. Duk ranar da keken doki mai kawo wasiƙa ya zo nakan sami dalilin bi ta ƙofar coci. Dattijo Pafnuti ba ya ma jira in tambaya, daga nesa yake girgiza mini kai.

Fushi kake yi saboda ƙahonnin? In fushi ne ka rubuto ka zage ni, zan ɗauka. Marfa ta ce, "Ke dai ki farka. Mazan dogo in sun yi shiru, wata ce ke dafa musu miya." Na ce mata mijina ba haka yake ba. Na faɗa da ƙarfi a gabanta, amma da na dawo gida ko burodi ban taɓa ba.

Ni kaɗai na yanke ciyawar fadamarmu. Da rana in na ɗago kai sai in ga kowace mace da namijinta a gaba yana wasa lauje. Na ajiye Filka a inuwar keken doki, shi nake yi wa hira.

Matarka,
Ustinya

Ƙasar Mancuriya
Kaka, 1898

Ustinya,

Gaisuwa gare ki da Inna. Ina raye.

Takardarki ta bayan Ista ta same ni. Lukyan ya karanta ya ajiye, bai yi wasa ba ranar. Ba na ganin laifinki. Wanda yake sama da mu shi ya bayar, shi ya karɓa. Na yi ta cewa a rubuta miki, in an ɗauko alƙalami sai in rasa abin faɗa.

Ina da ɗa kaka ɗaya da hunturu ɗaya, ban san nauyinsa a hannu ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ba zan dawo bana ba. Wani ɗan kwangila ya zo neman masu fasa dutse a sabon layin da ake ja ta ƙasar Sin, na dangwala masa hannu na shekara uku. Tun ƙarshen bazara muka baro tsohon sansani. Na yi ta ƙoƙarin ganin kaina ina shigowa gida, ga ƙugiyar da ake rataye gadon jariri a rufi ba komai a jikinta, ga ki da farin kallabi kamar Inna a waccan rana. Ƙafata ta ƙi. Ki ce ni matsoraci ne, gaskiyarki.

Kafin mu taso na sassaƙa ɗan gicciye na kafa a kan tudu mai kallon tafki, Lukyan ya rubuta sunansa. Akwai fada mai bin sansani-sansani, na ba shi sunan Filif yana sa shi cikin addu'ar matattu.

Ki gaya mini inda kuka sa shi. Kusa da Baba ne?

Kondrat

Olshanka
Farkon hunturu, 1898

Kondrat! Ɗanka yana raye!

Ba gaisuwa yau, ka fara jin wannan. Yana raye, yana tafiya yana riƙe benci, yanzu haka yana jan siket ɗin malamar makarantar ƙauyen ƙetaren kogi, wadda na tako ƙanƙara na zo wurinta don ta rubuta mini abin da bakina ya faɗa, ba abin da Pafnuti ya ga dama ba.

Da aka karanta mana takardarka Inna ta zauna a ƙasa. Ni kuwa na shaƙe wuyan rigar Pafnuti na ce, "Me ka rubuta wa mijina?" Ya ce, "Abin da kika faɗa, 'yar nan. Na dai rage abin da zai jawo mini kora." Gaskiyarsa ne, ni na ce yaro ya huta. Ya huta da tari nake nufi! Barci yake yi, irin barcin da ya yi kwana da kwanaki bai samu ba. Na sake aiko maka da wata takarda lokacin ciyawa, ashe ka riga ka tashi.

Ga abin da ya faru. Sabon fada ya ce ƙaho na Shaiɗan ne, ya ce al'adar arna ce, mace mai ƙaho ba za ta matso kusa da bagade ba. Mata suka yi kunnen ƙashi. Ranar Alhamis ta makon Ista jikin Filka ya yi tsanani, leɓensa ya yi baƙi, numfashinsa kamar ana jan zarto. Na naɗe shi na ruga coci don a ɗiga masa jibin Ubangiji kafin ya tafi. Na kutsa har gaba. Fada ya dube ni, cokali a hannunsa, ya ce, "Koma ki cire wannan abu ki dawo kamar Kirista."

Na ce, "Fada, yaron ba zai kai in je gida in dawo ba."

Ya ce, "To, zaɓi ya rage naki."

Kondrat, a wurin na cire. A gaban maza, a gaban dattawa, a gaban abokanka. Na fizge igiyar, duwatsun ƙeya suka watse a ƙasa, kitsona ya zubo. Gashin da tun ranar aurenmu ba namijin da ya gani sai kai, duk Olshanka ta gani. Duk cocin ana jin duwatsun suna gangarawa. Marfa ce, Marfar nan mai baki, ta yaye farin ƙyallen da ta rufe kwandonta ta jefa mini a ka, ta juya ta ce wa maza, "Me kuke kallo? Ba ku da uwaye?" Fada kuwa ya ba yaron jibin nan take. Ban ce mugu ne ba. Ina jin bai zaci zan yi ba.

Kwana biyu bayan haka maƙogwaron ya buɗe. Fada ya ce jibin ne. Inna ta ce madara da zuma ne, kuma kukan da ta yi na kunyar da aka ba gidanku ne da kickar uwar mijinta da ta taɓa ƙasa. Shi ne wanda na ce yana sama da mu, fada, ba Ubangiji ba. Ta yaya zan kira sunansa, yaronsa ne ke riƙe da alƙalami?

Yanzu kai. Ko da gaskiya ne, ko da mun binne shi, sai ka bar ni ni kaɗai da kabari shekara uku? Kai ka kasa kallon ƙugiya, ni da zan kwana a ƙarƙashinta fa? Wannan ya fi mini ciwo a kan abin da ya faru a coci.

Ka je wurin fadan nan naku yau ɗin nan ya cire sunan ɗana daga cikin matattu. Inna ta ce mai rai in ana yi masa addu'ar matattu ramewa yake yi. Kuma ka dawo gida.

Ustinya

Mancuriya
Ƙarshen hunturu, 1899

Ustya,

Ina durƙusa miki, goshina a ƙasa. Ina gaida Inna. Ina gaida ɗana Filif Kondratic, mai rai.

Lukyan yana fara karantawa ya yi tsalle ya bugi kansa da rufin bukka. Ni ban yi tsalle ba. Na fita waje ba hula na zauna a kan ƙanƙara, sai da mutane suka ɗauko ni. Da ya kai wurin coci na ce ya dakata, don ba na son sauran su ji. Ya ce, "Rufe mana baki, su ji! Wa ke da mace irin wannan a cikinsu?" Ɗan birnin nan mai zancen shanu yana wurin. Hularsa ya cire.

Na bi fada har sansani na gaba a ƙafa. Ya soke sunan, ya mayar da shi cikin masu rai, ya yi mini faɗa kamar zai dake ni. Gicciyen yana can nesa a bakin tafki. Na roƙi wani mai komawa ta can ya tumɓuke shi ya ƙone, ya rantse mini zai yi.

Na je wurin ɗan kwangila. Takardar shaidata tana cikin akwatinsa, kuma ba mai hawa jirgi sai da ita. Na gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla, ɗanka yana raye. Sai ka ƙara himma." Wanda ya gudu ana kamo shi a ɗaure. Na yi tunanin gudun duk da haka. Lukyan ya ce, "Ka riga ka yi wauta ɗaya, ta ishi gida ɗaya."

Ga amsar tambayar da kika yi mini. Kaina na duba, ban dube ki ba. Ba zan ce ki yafe yanzu ba.

Wani abu kuma, kada ki yi dariya. Na saba da mutuwarsa har na kasa sabawa da rayuwarsa. Ina cikin fasa dutse sai zuciyata ta ce, ko sun faɗa ne don ka dawo? Na san ba kya ƙarya. Amma ban taɓa ganinsa ba, Ustya. Duk abin da na sani game da shi baƙaƙe ne a bakin Lukyan.

Kin mayar da su kanki?

Mijinki,
Kondrat

Olshanka
Bazara, 1899

Maigida,

Gaisuwa da rusunawa. Inna ta sa maka albarka, ta ce in ƙara da cewa kai jaki ne. Gwiwarta ta hana ta saukowa daga murhu sai da taimako. Ni lafiya lau.

Na mayar. Inna ce ta tsinto duwatsun, waɗanda suka ɓata Marfa ta ciro daga nata ta cike. Yanzu mun sami dabara. Muna zuwa da ƙahonninmu har shingen coci, kowace ta shiga bayan 'yar'uwarta ta sauya kallabi, mu rataye su a kan shinge mu shiga. In ka hango daga nesa ranar Lahadi sai ka ce garke ne ya leƙo yana sauraron huɗuba. Fada yana wucewa ta gabansu yana kallon sama. 'Yanmata kuwa sun fara cewa su in sun yi aure kallabin kanti za su ɗaura, ƙaho nauyi ne. Inna ta ce mu ne na ƙarshe. Wataƙila.

Waɗanda aka ɗaura mana aure shekara ɗaya duk sun yi haihuwa ta biyu, an ƙara wa ƙahonninsu tsawo. A kan shinge ba na wahalar gane nawa, su ne gajeru. Haka za su zauna sai ka dawo. Ban faɗa don in soka maka magana ba, na faɗa ne don ba ni da wanda zan gaya wa.

Zancen yafiya ka bar shi sai ka zo. Ina so in ga fuskarka tukuna. Kada ka gudu, kada ka sha giya, kada ka tsaya kusa da inda ake fasa dutse da albarushi. Zan yi noman bana, zan yi na baɗi.

Ka ce duk abin da ka sani game da ɗanka baƙaƙe ne. Na so malama ta zana maka tafin hannunsa, ya ƙi tsayawa, ya fizge takardar ya kai baki. Malama ta ce a sake wata, na ce a'a, wannan za a aika. Gefen nan na ƙasa da ka ga ya yage, ba ɓera ba ne. Wannan ba sai Lukyan ya karanta maka ba. Ka sa yatsanka a wurin, haƙoran ɗanka ne.

Matarka,
Ustinya